Ƙaiƙayin Gaba: Ba Kowanne Ne Sanyi Ba

Jawabin da ma'aikatan lafiya 'yan unguwa suka gabatar a taron mata na Hausari

 



Da farko muna neman afuwar iyayenmu da ke zaune a sahun gaba, domin maganar da aka ɗora mana yau ba irin wadda 'ya take yi a gaban uwa ba ce. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu da muke aikin asibiti kuma muke kwana a wannan unguwa, mu ake tarewa a soro, ko a gidan suna, a ja mu gefe a ce, “Don Allah 'yar nan, wani magani za ki rubuta mini, sanyi ya dame ni.” In muka ce a zo a duba, sai a ce a'a, ke dai rubuta. Shi ya sa muka ga gara a yi maganar gaba ɗaya, kowa ta ji.

Abin da za mu yi magana a kai shi ne cututtukan fatar gaban mace, wato fatar da ke waje, leɓɓan farji da kewayensu har zuwa dubura, waɗanda ba ciwon daji ba ne. Ita ma fata ce kamar ta fuska ko ta hannu, sai dai ta fi su laushi, ga ta a rufe kullum, ga gumi, ga fitsari, ga jinin al'ada. Duk ciwon da zai iya kama fatar jiki zai iya kama ta. Amma a garin nan suna ɗaya muka san shi da shi: sanyi. 'Yan boko kuma su ce tolet infekshan. Bari mu faɗa tun yanzu, ba a ɗaukar yawancin waɗannan cututtuka a masai, kuma da yawa daga cikinsu babu ƙwayar cuta a ciki ko kaɗan. Saboda haka allura da kafso ba sa yi musu komai.

Akwai wata baiwar Allah, shekarunta sun haura 50, da ta yi shekara 6 tana fama da ƙaiƙayi. Da dare ba ta barci. Ta sha allurai a wani kemis har ba ta san adadinsu ba, ta sha jiƙe-jiƙe, ta zauna a ruwan bagaruwa har fatar ta tsage. Ta ƙaurace wa shimfiɗar maigida saboda zafi, ita kuma ba ta faɗa masa dalili ba, shi kuma ya ɗauka raini ne. Daga baya zargi ya koma kan amarya, wai ita ta shigo musu da ciwo. Gida ya kusa watsewa. Ranar da 'yarta ta matsa ta yarda aka duba ta, minti 5 bai cika ba aka gane ciwon. Man shafawa ƙwaya ɗaya aka rubuta mata. Kafin wata guda tana barci har a tashe ta sallar asuba. Kuma ciwon nata ba ya yaɗuwa, amarya ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Za mu dawo kan wannan ciwo, domin shi ne ya fi damunmu.

Mu fara da wanda muke jawo wa kanmu. Jama'a, mun zauna da Barebari da Shuwa tun kakanni, mun koyi gyaran jiki a wurinsu, har ta kai a Kano da Zariya in an ce amarya ta sha gyaran Maiduguri, an gama magana. Dilka, halawa, humra, turaren wuta, ba mu zo mu hana kowa ba, mu ma muna yi. Amma abin da fatar hannu za ta ɗauka, fatar gaba ba za ta ɗauka ba. Humra da turaren feshi akwai sinadari mai zafi a ciki. Turaren tsuguno in garwashi ya yi yawa yana busar da fata, wani lokaci har ya ƙona ta. Alif, da kanumfari, da lemon tsami, da farin miski, da matsin da ake tallarsa a waya ba a san abin da aka haɗa ba, duk muna ganin aikinsu a asibiti: fata ta yi ja, ta kumbura, tana raɗaɗi kamar an zuba barkono. Haka Dettol a ruwan tsarki, da sabulu mai magani, da audugar mata mai ƙamshi, da wandon roba mai matse jiki a cikin zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40.

Abin takaicin shi ne mace mai tsabta ita ta fi faɗawa wannan. Ta ji ƙaiƙayi, sai ta ɗauka ƙazanta ce, sai ta ƙara wanki da sabulu sau 5 a rana, sabulu ya ƙara cinye maiƙon fatar, ƙaiƙayi ya ƙaru. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Maganin wannan rabinsa dainawa ne. A yi tsarki da ruwa zalla, mai ɗumi kaɗan, da hannu, ban da soso. Kada a tura ruwa ko yatsa ciki da sunan wanki, cikin farji yana wanke kansa. A tsane jiki da tsumma mai laushi, kada a goge da ƙarfi. A shafa basilin fari marar ƙamshi. A sa wandon auduga, da dare kuma a kwana da zane kawai. In fatar ta riga ta yi ja sosai, likita zai ba da man sitiroyid marar ƙarfi na mako 1 ko 2.

In aka daɗe ana susa, fatar takan yi kauri, ta yi kaushi kamar fatar gwiwa, wani wuri ya yi baƙi, wani ya yi toka-toka. A nan ko abin da ya fara jawo ƙaiƙayin ya tafi, susar da kanta ita ke riƙe da ciwon: a sosa a ji daɗi, fata ta ƙara kauri, ta ƙara ƙaiƙayi. Yawanci cikin barci ake yin ɓarnar. Ana karya wannan da man sitiroyid mai ƙarfi na 'yan makonni, da ƙwayar rage ƙaiƙayi mai sa barci irin su Piriton da dare, da yanke farce. In ƙaiƙayi ya taso, a jiƙa tsumma da ruwan randa a ɗora. Ruwan zafi yana daɗi a lokacin, bayan minti 10 ya dawo da ƙarfinsa.

Sai wanda ya cancanci a kira shi sanyi, wato farin ruwa mai kauri kamar kindirmo, da ƙaiƙayi da ja. Wannan wani irin naman gwari ne ƙanƙane da ke zaune a jikin mace dama can, sai ya sami dama ya yi yawa. An ƙiyasta mata 3 cikin 4 za su gamu da shi aƙalla sau ɗaya a rayuwa. Maganinsa kulotirimazol, wanda kuka fi sani da Canesten, na matsi da na shafawa, ko ƙwayar fulukonazol mai miligiram 150 guda ɗaya. Mai ciki ta tsaya a na matsi, kada ta sha ƙwayar. Abin lura shi ne, yawan shan kafso na kashe ƙwayoyin cuta shi ne ke kawo wannan ciwo, domin yana kashe ƙwayoyin kirki da ke gadin wurin. Kun ga ke nan mai shan kafso don maganin sanyi, sanyin take ciyarwa. In kuma yana tafiya yana dawowa sau 3 ko 4 a shekara, to a je a auna suga. Mun sha gano ciwon suga a jikin iyayenmu ta wannan hanya, su ba su san suna da shi ba.

Akwai ruwan da ke zuwa da kumfa da wari, wanda ake ɗauka ta wurin kwanciya. Wannan kam sai an yi wa maigida magani, da duk matan gidan a lokaci guda. Gwaji ne ke bambanta shi da sauran. Kafin a yi gwaji kada a ɗora wa kowa laifi.

Bari mu ɗan tsaya kan man nan da ake ce wa mai aiki uku, irin su Funbact-A da Skineal, waɗanda babu gidan da za a shiga a rasa su, har a man jarirai ake zubawa. Magani uku ne a haɗe: na naman gwari, na ƙwayar cuta, da sitiroyid mai ƙarfi. In an shafa, ƙaiƙayi zai lafa saboda sitiroyid ɗin, sai a ce an dace. A daina ya dawo, a koma, haka har shekara. Fatar cinya ta yi sirara, nankarwa ta fito, makero ya bazu ya ɓad da kama. Ranar da aka zo asibiti ma likita ya kasa gane asalin ciwon, saboda man ya rufe shi. Haka masu shafa man bilicin har can ƙasa don wurin ya yi haske. Hukumar NAFDAC ta fito a 2023 ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya. Ku sani Allah ya halicci wannan wuri da duhu fiye da sauran jiki, ga fara ga baƙa, ba datti ba ne.

Yanzu mu koma ga ciwon baiwar Allah da muka ba ku labari. Likitoci suna kiransa laiken sikilirosus, mu kuma bari mu ce masa farin tabon gaba. Wani likitan Faransa mai suna Hallopeau ya fara bayaninsa a 1887. Sojojin jiki ne, waɗanda aikinsu kare mutum, suke juyowa kan fatar wurin. Ba rashin tsabta ke kawo shi ba, ba a ɗauka a wurin miji, ba a ba kishiya, ba sammu ba ne. Ya fi kama waɗanda al'ada ta ɗauke musu, sai kuma yara mata da ba su balaga ba, ko da yake yana iya zuwa a kowane shekaru. Wasu masu shi kan haɗa da ciwon maƙoƙo, shi ya sa likita kan nemi gwajin jini.

Fatar takan yi fari fat, ta yi sheƙi, ta yamutse kamar takardar da aka duƙunƙune aka warware. Farin kan zagaye gaba ya zagaye dubura kamar lamba 8. Tana tsagewa da wuri, jini ya kwanta a ƙarƙashinta. A jikin baƙar fata farin yana fitowa sosai, shi ya sa wasu in sun gani sai gabansu ya faɗi, su ce kuturta ce, su ƙara ɓoyewa kada a ce a tafi Molai. Ba kuturta ba ce. In aka bar shi shekaru ba magani, ƙananan leɓɓa sukan shafe, fata ta manne ta rufe ɗan tsaka, ƙofa ta tsuke har kwanciyar aure ta gagara, wata ma fitsari sai da ƙyar. Abin da ya riga ya shafe ba ya dawowa. Kuma ƙasa da mata 5 cikin 100 masu wannan ciwo, yakan rikiɗe musu ya zama ciwon daji. Shi ne dalilin da ya sa muka ce ya fi damunmu.

A da, likitoci ma sun yi ta lalube. An yi zamanin da ake yanke fatar wurin gaba ɗaya, ciwon ya sake fitowa a bakin ɗinkin. An yi zamanin man sinadarin maza, mata suka yi ta fitar da gashi a haɓa, murya ta buɗe, ciwo na nan. Sai a 1991 wasu likitocin fata a Ingila suka nuna cewa man sitiroyid mafi ƙarfi, kulobetasol, wanda ake sayarwa da sunan Dermovate, yana kwantar da ciwon, kuma fatar wurin tana jure shi in an bi ƙa'ida. Har yau shi ne magani na farko a duniya.

Ga ƙa'idar. Wata na farko, a shafa kullum da dare sau ɗaya. Wata na biyu, yau a shafa gobe a huta. Wata na uku, sau 2 a mako. Abin da za a lakato bai wuce ƙwayar wake ba, a murza shi a kan farin wurin kaɗai, ban da cinya. A sa madubi, ko a ce ma'aikaciya ta nuna wurin da yatsa tun a asibiti. Mai maiƙo ya fi mai kama da madara, don shi ba ya raɗaɗi. Bututu mai giram 30 ya kamata ya kai wata 3. In ya ƙare a wata guda, ana zabgawa da yawa. Bayan wata 3 a koma a sake dubawa.

Wata za ta ce, yanzu kuka gama zagin sitiroyid, ga shi kuma kuna yabonsa. Gaskiya ne. Wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka yatsa. Har cikin man bilicin akwai wannan kulobetasol ɗin. Bambancin shi ne an ga ciwon da ido, an san wurin shafawa, an san yawan, an san ranar ragewa.

Inda aka fi samun matsala shi ne bayan sauƙi ya samu. Ƙaiƙayi ya tafi a mako 2, sai a jefa man a ƙasan akwati. Wannan ciwo kamar hawan jini yake, ana riƙe shi ne, ba a cika rabuwa da shi ba. Yawanci za a ci gaba da shafawa sau 1 ko 2 a mako, ana zuwa dubawa aƙalla sau ɗaya a shekara. A 2015 likitoci a Ostireliya suka fitar da sakamakon bibiyar mata 507 masu ciwon. Cikin 357 da suka riƙe magani yadda aka ce, babu ko ɗaya da ciwon ya rikiɗe mata. Cikin 150 da suka riƙa yi suna bari, 7 sun gamu da ciwon daji ko mafarinsa. Wannan lissafi ya ishe mu hujja.

Iyaye, a kula da yara mata. Yarinya 'yar shekara 5 ko 6 tana yawan susa, tana kuka in za ta yi bayan gida, tana riƙe kashi saboda zafi, a duba ta da rana a wuri mai haske kafin a kai mata duka. In an ga fari ko tsagewa, a kai ta asibiti, maganin ɗaya ne. Sau da yawa kuma abin bai kai nan ba: tsutsar dubura ce mai fitowa da dare, ko kumfar omo da ake zaunar da yara a ciki, ko tsarki daga baya zuwa gaba. A koya musu daga gaba zuwa baya.

Akwai ɗan'uwan wannan ciwo da ke sa wurin ya yi ja ya saɓule, har cikin farji, sau da yawa da gyambo ko farin zane a cikin baki. Wannan aikin likitan fata ne da likitan mata tare. Akwai kuma bushewar da ke zuwa bayan ɗaukewar al'ada, ita kuma man sinadarin mata ake ba da wa. Ƙurajen nan masu kama da kan zakara, ƙwayar HPV ke kawo su, ana ƙona su ko a ɗiga musu magani a asibiti, kada mai ciki ta kuskura ta ɗiga da kanta. Rigakafin HPV da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Nijeriya a watan Oktoba 2023, ya iso Borno a 2024, yana kare su daga waɗannan ƙuraje da kuma dajin bakin mahaifa.

Abu biyu kuma na wurinmu ne. Ba mu manta da daren 10 ga Satumba 2024 ba, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange, da Kasuwar Monday, da fadar Shehu, har Asibitin Koyarwa, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Duk inda mutane suka cunkushe, ana tarayya da tabarma da zane, ƙazuwa na biyo baya. Alamarta ƙaiƙayin dare a tsakanin yatsu, da kugu, da gaba, kuma ba mutum ɗaya ba a gida. Maganinta sai an yi wa kowa rana ɗaya, a wanke kayan sawa da na shimfiɗa da ruwan zafi a shanya a rana. Na biyu tsargiya. Mun san ta da fitsarin jini a jikin yara maza masu wanka a kogin Ngadda, amma tsutsar tana zuba ƙwai a gaban mace ma, ta kawo ƙaiƙayi, da ƙuraje, da ɗigon jini bayan kwanciya. Matan da suka yi zama a Baga da bakin Tafkin Chadi, ko masu wanki a kogi, su faɗa wa likita haka da bakinsu. Ƙwayar firazikwantel ce maganinta, gwargwadon nauyin mutum ake ba da ita.

Ungozomomi, iyayenmu, da ku muke wannan. Har yanzu akwai gidajen da in mace ta yi kukan ƙaiƙayi ko zafin kwanciya sai a ce gishiri ne, a kira wanzami da aska. Mun faɗa muku yadda farin tabo ke tsuke ƙofa, to irin waɗannan mata su ake kai wa aska. Bayan fatar da ake yankawa mafitsara ce. Kuskure kaɗan, sai yoyon fitsari, sai tafiya Babbar Ruga a Katsina neman ɗinki. Ga zubar jini, ga tabon da zai ƙara tsuke wurin. Dokar tarayya ta 2015 ta haramta yi wa mace irin wannan yanka. In ƙofa ta tsuke har tana buƙatar buɗewa, likitan mata ne zai yi, bayan an kwantar da ciwon da magani. Waɗanda kuma Allah ya jarrabce su da yoyon, kada su rage shan ruwa don gudun jiƙewa. Fitsari mai kauri shi ke cin fata. A sha ruwa da yawa, a wanke da ruwa zalla, a shafa basilin ko man zinki kafin a sa ƙunzugu.

Akwai alamun da ba a kwana da su ana jiran ganin hali: gyambon da ya wuce mako 3 bai warke ba, kulu ko wuri mai tauri, jini ba na al'ada ba, ko tabon da aka yi wata 3 ana magani bai motsa ba. A nan likita zai kashe wurin da allura, ya ɗebi fata ƙanƙanuwa kamar ƙwayar shinkafa a kai ɗakin gwaji. Ɗibar ba ta sa ciwo ya bazu, kamar yadda ake faɗa a gari.

Wurin zuwa kuwa, a fara da asibitin da ya fi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura Asibitin Ƙwararru na Jiha, ko Asibitin Umaru Shehu da ke Bulumkutu, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Haƙƙinki ne ki ce mace kike so ta duba ki, ko mace ta tsaya a ɗakin. Ki tafi da duk abin da kike shafawa ko matsawa a leda, har na wajen mai kayan mata, ba za a yi miki faɗa ba. Kada ki shafa komai ranar da za ki je. Kuma in an rubuta miki magani ba a duba ba, ki buɗe baki ki ce, “Likita, a duba ni.”

Mun san za a buga wannan jawabi, maza za su karanta. Alhazai, malamai, 'yan kasuwa, in iyali ta ce tana jin zafi, zafin take ji. Kuɗin kati da na Keke Napep da bututun mai guda ɗaya bai kai kuɗin allurai 10 na kemis ba, balle kuɗin sabon lefe. A ba da izini, a ba da kuɗin mota, a yi haƙuri da shimfiɗa har fata ta warke.

Shugabar taro ta ba mu ɗakin da ke bayan nan har zuwa kiran la'asar. Mai tambayar da ba ta son yi a cikin jama'a ta same mu a can, ɗaya bayan ɗaya, mun sa labule. Wadda ta zo da bututun mai a jaka ta shigo da shi mu karanta mata abin da ke ciki.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da Borno lafiya.